Yadda Ake Jinyar Raunin Wuyan Hannu Har a Koma Hawan Keke

Duk wanda ya faɗo daga kan keke, kafin tunani ya zo masa hannunsa ya riga ya miƙe domin ya tare ƙasa. Haka jiki yake kare kai da fuska, sai dai nauyin mutum gaba ɗaya, haɗe da gudun da keken yake yi, yakan sauka a kan wata 'yar gaɓa wadda ba a halicce ta domin irin wannan duka ba. Wuyan hannu yana ɗauke da ƙananan ƙasusuwa takwas da suka jeru layi biyu, sun haɗu da dogayen ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, wato radiyus da ke ɓangaren babban yatsa da alna da ke ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma jijiyoyi masu yawa ne suke ɗaure da su. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya tsagewa, ko ya karye, ko ya goce.

Abin da ya sa jinyar mai keke ta bambanta da ta sauran mutane shi ne ƙafafunsa lafiya lau suke, kuma su ne suke fara ruɗinsa cewa ya warke. Ƙafa ce take tuƙa keke, amma hannu ne yake juya shi, hannu ne yake shanye gargadar hanya, kuma hannu ne yake matsa birki a lokacin da mota ta ɓullo ba zato. Saboda haka ma'aunin da za a bi a duk matakan da ke tafe shi ne abin da hannun yake iya yi, ba adadin kwanakin da suka wuce ba.

Mataki na farko: sa'o'in da suka biyo bayan faɗuwa

Da zarar ka tashi daga ƙasa ka kauce daga hanya, ka cire zobe da agogo da duk abin da ya zagaye yatsa ko hannu, domin kumburi yana zuwa da sauri, kuma zoben da ya fita cikin sauƙi yanzu yana iya buƙatar a yanke shi bayan sa'a guda. Kada ka sake hawa keken don ka ƙarasa gida, ko da kana jin zafin kaɗan ne, domin firgicin faɗuwa yana danne ciwo na ɗan lokaci, kuma hannun da ba zai iya matsa birki ba yana iya jawo faɗuwa ta biyu wadda ta fi ta farko muni.

Ka tallafi hannun a ƙirjinka, ka hana shi motsi da wani abu mai ɗan tauri da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa a ɗaure sako-sako. Ka naɗe ƙanƙara cikin tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka maimaita bayan kowace sa'a biyu ko uku a kwanaki biyu na farko, kuma kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Idan kana zaune ko kwance, ka ɗora hannun a kan matashi yadda zai fi ƙirjinka tudu. Farasitamol ya wadatar wajen rage zafi kafin a ga likita. Kada ka bari kowa ya ja hannun ko ya murɗa shi da niyyar mayar da ƙashi mazauninsa kafin a ɗauki hoto.

Idan hannun ya karkace a fili, ko ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi sun canza launi, ko sun sage ba ka jin taɓawa, to wannan na sashen gaggawa ne nan take. Haka kuma idan kanka ya bugu har ka suma ko ka rikice, maganar kai ita ce gaba da maganar hannu.

Mataki na biyu: a san ainihin abin da ya samu hannun

Mutane da yawa suna cewa tunda yatsu suna motsi to targaɗe ne kawai. Wannan magana ba ta da tushe, domin mutum yana iya motsa yatsunsa sarai alhali ƙashi ya tsage.

Karayar da aka fi gani ita ce ta ƙarshen radiyus, daf da wuyan hannu, wadda wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ayilan mai suna Abraham Colles ya yi bayaninta tun a shekarar 1814. Ita ba ta cika ɓuya ba, hoton ƙashi yakan nuna ta. Idan ƙashin bai goce ba, ko an samu an daidaita shi, akan sa ɗaurin siminti na kimanin mako shida. Idan ya goce da yawa ko karayar ta shiga cikin gaɓa, akan yi tiyata a sa ƙarfe da kusoshi.

Wadda nake so mai keke ya fi tsoro ita ce karayar wani ɗan ƙashi mai suna sikafoyid, wanda yake gindin babban yatsa. A cikin ƙasusuwa takwas ɗin nan shi ne ya fi saurin karyewa, kuma shi ne ya fi yaudara. Ka ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga wani ɗan kwarmi ya bayyana a gindinsa tsakanin jijiyoyi biyu. Idan an danna wannan kwarmi ka ji zafi bayan faɗuwa, to a ɗauka sikafoyid ya tsage har sai an tabbatar da akasin haka. Sau da yawa kumburinsa kaɗan ne, kuma hoton farko yana iya fitowa babu komai, shi ya sa likitoci sukan ɗaure hannun su ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake hoto, ko kuma su tura mutum hoton MRI ko CT, wato hotunan na'ura da suka fi hoton ƙashi na yau da kullum nuna abu dalla-dalla. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne jini yana shiga wannan ƙashi ta ƙarshensa na wajen yatsu sannan ya gangaro baya, don haka idan ya karye a tsakiya, ɓangaren da ke kusa da sangali yana iya rasa jini, ya ƙi haɗewa, ko ma ya mutu. Wanda ya raina wannan ciwo ya ci gaba da hawan keke yana iya wayar gari bayan shekaru da amosanin gaɓa da ba ya da magani sai tiyata babba. Idan an kama shi da wuri, ɗaurinsa yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, ko a sa masa kusa guda ta tiyata.

Akwai kuma raunin jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Targaɗe mai sauƙi yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, matsakaici yakan kai mako shida, amma idan jijiya ta tsinke gaba ɗaya maganar watanni ake yi. Zafin da ya tsaya a ɓangaren ƙaramin yatsa, musamman idan yana ƙaruwa lokacin murɗa makulli ko buɗe murfin kwalba, yakan nuna raunin wani guringuntsi da ke tsakanin alna da ƙananan ƙasusuwan.

Kafin ka bar wurin likita ka gaya masa a fili cewa kai mai hawan keke ne, ka faɗi irin keken da irin hanyar da kake bi, sannan ka tambaye shi abu uku: yaushe za a fara motsa gaɓar, yaushe za a fara ɗora mata nauyi, da kuma yaushe za ta iya jure wata faɗuwar. Amsoshin nan uku ranakunsu daban-daban ne, kuma ta ƙarshe ita ce ta shafi hawa kan titi.

Mataki na uku: zama cikin ɗauri

An ɗaure wuyan hannu ne kaɗai, saboda haka sauran gaɓoɓin su ci gaba da aiki. Sau da yawa a kowace rana ka dunƙule yatsunka sosai sannan ka buɗe su sosai, ka taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa idan ba a haɗa shi cikin ɗaurin ba, ka lanƙwasa gwiwar hannu ka miƙe ta, ka ɗaga hannun sama da kanka. Yatsu da kafaɗa suna saurin ƙagewa, kuma abin takaici ne a cire ɗauri ƙashi ya haɗe amma a koma jinyar kafaɗar da ba ta ji ciwon komai ba.

Kada ɗaurin ya jiƙe, kuma kada ka zura wani abu ciki don sosa ƙaiƙayi. Idan ya matse har zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu sun kumbura sun sage, ko wari yana fitowa, ka koma asibiti a ranar. Mai shan taba ya sani cewa taba tana jinkirta haɗewar ƙashi, kuma a karayar sikafoyid wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya manyanta kuma ƙashinsa ya karye a 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ya dace ya nemi a auna masa ƙwarin ƙashi.

Mataki na huɗu: a riƙe ƙarfin ƙafa ba tare da an taɓa hannun ba

Idan likita ya amince, kana iya fara tafiyar ƙafa mai sauri tun a kwanakin farko, sannan ka koma keken motsa jiki na cikin ɗaki, ko ka kafe naka keken a kan na'urar da ke riƙe tayar baya. Ka zauna a miƙe, hannun mai ciwo yana kan ƙirji ko a kan wani abu mai tudu, ba ya ɗaukar nauyin komai. Ka fara da minti 15 zuwa 20 cikin sauƙi, ka kunna fanka domin gumi ba ya yi wa fatar da ke cikin ɗauri daɗi, kuma wanda aka yi wa tiyata ya jira har ɗinkin ya warke. Kada ka miƙe tsaye a kan feda. Idan ka ji hannun yana bugawa kamar zuciya ko yatsu suka kumbura, ka rage ƙarfi ko ka sauka. Wurin da ya fi haɗari a wannan mataki shi ne hawa da sauka, don haka ka ajiye ɗan abin takawa a gefe kuma ka riƙe da hannun mai lafiya.

Mataki na biyar: bayan an cire ɗauri

Kada ka firgita da abin da za ka gani. Hannun zai fito siriri, fatarsa tana saɓa, gaɓar kuma ta ƙage kamar ba taka ba. Wannan abu ne da aka saba gani, kuma daga nan ne aikin gaske yake farawa. Idan da hali a haɗa ka da likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi, domin shi zai ga abin da kai ba za ka gani ba. Tsarin dai guda ne: a fara dawo da motsi, sannan ƙarfi, sannan ɗaukar nauyi, kuma ba a tsallake ɗaya a hau na gaba.

Wajen motsi, ka fara da tsoma hannun cikin ruwan ɗumi na 'yan mintuna domin ya saki. Ka ɗora sangalin a kan tebur, tafin hannun yana reto a baki, ka sunkuyar da shi ƙasa a hankali, ka ɗaga shi sama, ka tsaya daƙiƙa biyar a kowane ƙarshe. Sai ka karkata shi wajen babban yatsa da wajen ƙaramin yatsa. Sai ka manna gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ka juya tafin ya kalli sama, ka juya ya kalli ƙasa, ba tare da gwiwar ta rabu da jiki ba. Kowanne sau goma, sau uku ko huɗu a yini. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a tara a yi da yawa sau ɗaya. Lafiyayyen wuyan hannu yana sunkuyawa kimanin digiri 80 kuma yana ɗagawa baya kimanin digiri 70, amma ma'aunin da ya fi maka amfani shi ne ɗaya hannun naka. Mai keke ya fi buƙatar ɗagawa baya, domin a haka hannu yake zama a kan keke. Ka haɗa tafukanka biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon sama, ka riƙa saukar da su ƙasa a hankali har ka ji ja, ka tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30.

Dole ne ka koyi bambanta ja da zafi. Jin ja ko ɗan tsami wanda yake lafawa jim kaɗan bayan an gama ba laifi ba ne. Zafi mai suka kamar allura, ko kumburin da ya kwana har safiya, alama ce ta cewa an wuce gona da iri, sai a koma baya da mataki ɗaya na kwana biyu ko uku.

Idan likita ya tabbatar ƙashi ya haɗe, sai a shiga neman ƙarfi. Ka fara da matsa soso ko ƙwallo mai laushi, da matse tawul da aka naɗe. Sai ka danna tafin hannun a jikin ɗaya hannun ba tare da gaɓar ta motsa ba, ta kowace fuska, daƙiƙa biyar zuwa goma. Daga nan ka riƙe abu mai nauyin rabin kilo, kamar ƙaramar gorar ruwa, ka maimaita motsin sunkuyawa da ɗagawa, kana ƙara nauyin kaɗan a mako idan hannun bai yi ƙorafi ba. Riƙe guduma ta ƙotarta ana karkata ta dama da hagu yana ƙarfafa juyin sangali, kuma gwargwadon yadda ka matsa kusa da kan gudumar gwargwadon sauƙinsa.

Ɗaukar nauyi shi ne ya fi kama da abin da keke zai nema. Ka tsaya gaban bango ka dafa shi da tafuka biyu ka ɗan jingina, bayan kwanaki ka koma dafa tebur, daga nan ka durƙusa ka dafa ƙasa kana kai nauyinka gaba da baya. Idan buɗaɗɗen tafi yana ba ka wahala da farko, ka dafa da dunƙulallen hannu ko ka riƙe sanda, domin gaɓar ta tsaya a miƙe.

Mataki na shida: gwaji kafin a fita

A ganina bai dace kowa ya fita titi ba sai likita ya ba shi izini kuma ya ci wannan gwaji a gida. Ka hau keken da aka kafe ka riƙe kansa da hannu biyu kamar yadda ka saba, na tsawon minti 30, ba tare da zafi ko sagewar yatsu ba. Ka matsa birki da iyakar ƙarfinka sau ashirin a jere, na ƙarshe ya yi ƙarfi kamar na farko. Ka tsaya a ƙasa ka ɗaga tayar gaba kaɗan ka sake ta ta daki ƙasa alhali kana riƙe da kan keken, ka ji yadda girgizar take shiga gaɓar. Ka canza giya sama da ƙasa. Idan likitan fisiyo yana da na'urar auna damƙa, a gwada hannuwan biyu a ga ko na ciwon ya kusa kamo ɗan'uwansa.

Ka kuma duba wane birki ne yake hannun da ya ji ciwo, domin birkin gaba shi ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke. A ƙasashe da dama yana hannun hagu, a Ingila kuwa yana hannun dama. Wasu sukan sauya wayoyin birkin domin na gaba ya koma hannun mai lafiya, amma ba na ba da wannan shawara, saboda a lokacin firgici hannu yana bin abin da ya saba ne shekara da shekaru. Idan hannun bai kai ya matsa birkinsa ba, to lokacin fita bai yi ba.

Mataki na bakwai: a daidaita keken

Keken ma ya faɗi tare da kai. A duba kansa da cokalin gaba, wato abin da ke riƙe tayar gaba, ko sun lanƙwashe ko sun tsage, musamman idan na kabon ne, wato wani abu mara nauyi da ake ƙera wasu kekuna da shi maimakon ƙarfe, domin tsagarsa takan ɓuya. Hular kwanon da ta bugu kuma a sauya ta ko da ba a ga alama ba.

Daga nan sai a rage nauyin da ke sauka a hannu. A ɗaga kan keken sama kaɗan ko a matso da shi kusa. A tabbatar sirdi yana kwance daidai, domin sirdin da hancinsa ya sunkuya yana zamar da mutum gaba, hannuwa su yi ta tokare shi tsawon tafiya. A juya hannayen birki yadda sangali da bayan hannu da yatsu za su zama layi ɗaya idan an miƙa yatsu kansu, kuma idan akwai kusar matso da su kusa a matso da su. Taya mai faɗi da aka ɗan rage wa iska, cikin iyakar da aka rubuta a gefenta, tana shanye gargada fiye da duk wata safar hannu, ko da yake safa mai katifa da mariƙi mai faɗin tafi su ma suna taimakawa. Takalmin hannu mai ƙarfe, wato abin da ake ɗaurawa a wuyan hannu don a hana shi motsi, ba abin hawan titi ba ne sai da shawarar likita, domin yana hana damƙa da juyi.

Mataki na takwas: komawa hanya

Fitar farko ta kasance minti 15 zuwa 20 a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da rana, a wurin da babu cunkoso, kuma ba bayan ruwan sama ba. Ka fara da gwada tsayawa: ka ɗan yi gudu ka taka birki, ka ƙara gudu ka sake takawa, har ka gamsu. Ka sassauta damƙa, ka bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe domin ta zama ita ce mai shanye duka, ka sa tsokar ciki da ta baya su riƙe gangar jikinka, ka kuma riƙa sauya mazaunin hannu kowane 'yan mintuna. Washegari ka huta, ka duba hannun da safe. Idan babu kumburi kuma motsinsa bai ragu ba, ka ƙara minti goma a fita ta gaba.

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. A fara da tsawon lokaci, sannan hawan tudu a zaune, sannan miƙewa a kan feda wanda yake sa a ja kan keken da ƙarfi, sannan gangara mai tsawo inda yatsu suke daɗewa a kan birki. Hanya mai tsakuwa da ramuka, da tafiya cikin ayari inda taya take daf da taya, da tsere, su ne na ƙarshe, kuma bayan karaya ba a cika yin maganarsu ba kafin wata uku. Tsoro ma yana cikin abin da ake jinya. Kusan duk wanda ya taɓa faɗuwa yakan ji jikinsa ya ɗaure a kwanar hanya ko a wurin da ya faɗi, kuma ɗaurewar nan tana sa damƙa ta yi tsanani, keken ya ƙi bin hannu. Maganinta shi ne maimaita abu mai sauƙi a fili mai faɗi, kwana zuwa dama, kwana zuwa hagu, tsayawa, tashi, har jiki ya sake yarda.

Ɗan tsami bayan doguwar tafiya yana iya ci gaba har watanni, kuma cikakken ƙarfi bayan karayar radiyus yakan ɗauki kusan shekara. Amma akwai alamomin da ba a jira su wuce da kansu. Sagewar ƙaramin yatsa da na kusa da shi tana nuna kan keken yana danne jijiyar alna a gindin tafi. Sagewar babban yatsa da biyun da ke biye da shi, musamman da dare, tana nuna matsewar jijiyar da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu. Idan babban yatsa ya kasa ɗagawa farat ɗaya, wata jijiya ce mai yiwuwa ta tsinke, abin da yakan faru makonni bayan karayar radiyus. Zafi mai ƙuna da ya zarce girman raunin, tare da canjin launin fata ko gumi ko rashin jure taɓawa, yana buƙatar magani da wuri. Haka nan ƙara mai zafi a cikin gaɓa, ko jin hannun yana sakewa idan an ɗora masa nauyi, ko zafin kwarmin gindin babban yatsa da ya ƙi tafiya. Da ganin ɗaya daga cikinsu, a jingine keken a koma wurin likitan ƙashi tare da hotunan farko, domin ya gwada su da sababbin da zai ɗauka.